Dutsen Agadas da ya faɗo daga duniyar Mars

A watan Nuwamba na 2023, can cikin hamadar jihar Agadas, wani mai neman duwatsun sama ya tsinci dutse mai nauyin kusan kilo 25. Ran 16 ga Yuli 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a New York a kan dala miliyan 5,3, watau kusan miliyar 3 na kuɗin sefa. Babu gutsuren duniyar Mars da aka taɓa samu a doron ƙasa da ya kai shi girma.

To, mi ya ba dutse wannan daraja? Awo ne. An yanki ɗan ƙanƙanen ɓangare an kai birnin Shanghai na ƙasar Sin, inda masana suka duba ma'adinan da ke cikinsa. Sun tarar da piroksin da olibin, alamar cewa daga narkakken dutse ya daskare. Sun kuma tarar da wani irin gilashi da ake kira maskelinit. Wannan gilashi shi ne babban mashaidi: ba ya samuwa sai in dutse ya sha bugu mai tsananin gaske. Ke nan wani ƙaton dutse ne ya faɗa wa Mars, ya yi cilli da wannan gutsure cikin sararin samaniya, ya yi ta yawo har ya faɗo cikin rairayinmu. Bayan awon ne aka yi masa rajista da sunan NWA 16788, farashinsa kuma ya tashi.

Ba yau aka fara ba. Tun a 1962 irinsa ya faɗo a Zagami, cikin ƙasar Katsina, mai nauyin kilo 18.

Abin takaici, ba a Yamai aka yi awon ba, kuma dutsen ya bi ta Italiya kafin ya isa Amurka. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita, kana a watan Agusta na 2025 ta dakatar da fitar da duwatsun sama da duwatsu masu daraja. Sotheby's ta ce takardunta cikakku ne. A ganinmu, hani kaɗai ba ya isa matuƙar jami'in duwan ba ya iya bambanta dutsen sama da marmara.

Ba a bayyana sunan wanda ya saya ba. Yanka biyu na dutsen suna ajiye a jami'ar Florence ta Italiya.