Akushin Tsoho a Ƙauyukan Pataskum

Daga Mamudo zuwa Danchuwa, har ka nausa ƙasar Nangere, ba a kwashe tuwo a zuba wa wani kafin tsohon gida. Ngizim da Karekare da Bolewa da Fulani, kowa da yarensa, amma a nan bakinsu ɗaya. Akushin Baba daban yake, kuma ana gane suruka ta gari ne da sanin laushin da sauran haƙoransa za su iya. Tuwon gero mai taushi, miyar kuka ta ji daddawa, a ɗiga man shanu a kai. Da sassafe ɗumame da kunun tsamiya. Damina in ta kankama, sai tafasa da rama da zogale su shigo, a kwaɗa da ƙuli.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ragowa. Tsoho ba ya cinye kwanonsa. Zai yi loma kaɗan, ya ture tsokar nama gefe, ya ƙwala wa jikarsa kira: "Amarya, zo ki ɗauke kwanon mijinki." Ita kuma ta murguɗa baki ta ce ta fasa auren, ango ba haƙori. Ana dariya nama ya wuce. Wasu na cewa albarka ce ake bar wa yaro a ƙasan kwano, shi ya sa uwa ba ta hana shi ci. Wasu suka ce kara ce kawai, babba ba ya suɗe kwano yara na kallo. Ni dai na fi karkata ga na biyun, domin na ga tsoffin da suka bar ragowa alhali ba su ƙoshi ba.

A da al'adar ba ta cutar da kowa, don akwai fura da nono tsakar rana, ga wake a rumbu. Yau nono ya zama kuɗi, kasuwa ake kai shi. Samari sun tafi ci-rani, taliya da shinkafa sun ture gero, dunƙulen magi mai tarin gishiri ya kori daddawa, a gidajen da hawan jini ya riga ya kama masu su. Kowace Laraba manyan motoci na lodin shanu daga kasuwar Pataskum zuwa Kudu, amma tsohuwar da ke kusa da kasuwar sai ta wuni a kan kunu da goro. In ta rame a ce tsufa ne, alhali jikin da ya manyanta yana buƙatar abinci mai gina jiki, kunu zalla ba ya riƙe shi.

Mai tsoho a gida, ka zuba wa jikoki nasu tukuna, sannan ka dafa masa wake ya yi luguf, ka daka naman, ka zauna kusa da shi har ya ci.