Gaskiya ko Jita-jita: Sai Ta Yi Aure Za Ta Hau Hanya?

A Kirkissoye, kamar sauran unguwannin Harobanda da ke ƙetaren kogi a Yamai, akwai 'yan mata da zawarawa masu uzurin zuwa Maraɗi ko Damagaram: neman aiki, sarin atamfa, dubiyar kaka. Da zarar ɗaya ta ambaci tafiya sai a ce, "Ki bari ki yi aure, mijinki ya kai ki." A ƙasar da UNICEF ta ce kashi 76 cikin ɗari na mata ana aurar da su kafin shekara 18, baliga mai riƙe da jakarta ita kaɗai abin kallo ce.

Magana mafi nauyi ita ce addini ya hana. Hadisin da ya hana mace doguwar tafiya ba muharrami ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma ba wanda zai yi wasa da shi. To amma ba miji kaɗai ke raka mace ba. Uba, wa, ƙane, kawu, baffa, ɗa, duk muharramai ne. Ke nan ko a fatawa mafi tsanani, "sai kin yi aure" ƙari ne na mutane. Sannan Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi a ƙasar Hausa, ya bayyana a Muwaɗɗa cewa macen da ba ta sauke faralin hajji ba, kuma ba ta da muharrami, ta bi ayarin mata ta tafi. Daga nan malamai suka rabu: wasu suka tsaya a kan hajjin farilla, wasu suka ce dalilin hanin shi ne tsoron hanya, in an samu amintattun abokan tafiya an samu sauƙi. Saudiyya kanta a 2022 ta sanar cewa mace na iya zuwa hajji da umara ba muharrami. Saɓani ne na malamai, kuma mai faɗa wa yarinya rabinsa ya ɓoye rabi bai yi mata adalci ba.

Ana kuma cewa matan kirki na da ba su san hanya ba. Jita-jita ce. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa shugabanni mata da ake kira jaji, kowace da malfarta, suna jagorantar ɗalibanta mata, 'yan taru, daga ƙauyuka zuwa wurinta don ɗaukar karatu. A ƙasa suke takowa, mata zalla.

Batun cewa jami'ai za su tsare ta a hanya don ba ta da miji, wannan ma babu shi. A shingen bincike jandarma yakan leƙo mota ya karɓi katin shaida, na namiji da na mace, ya duba ya mayar. Ba ya tambayar takardar aure.

Saura hatsari, kuma a nan akwai gaskiya mai ɗaci. Hanyar Torodi zuwa iyakar Burkina Faso, wadda ta tashi daga wannan ɓangaren kogin, 'yan bindiga sun addabe ta shekaru. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, akasarinsu mata da yara masu nufin Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Cikinsu har da maza. Abin da ya ci su hanyar ce da masu fasa-ƙwaurin mutane, kuma zoben aure ba ya gyara injin mota. Ina roƙon kowace 'yar'uwa ta tambayi labarin hanya kafin ta sayi tikiti.

Babbar hanyar gabas daban take: Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi, kilomita sama da 600 cikin babbar mota cike da fasinja, ga mata da goyo, ga tsofaffi da buta. Wurin da ya fi buƙatar shiri shi ne farkon tafiyar, domin motocin da asuba suke tashi, kuma daga Kirkissoye sai an ƙetare gada cikin duhu. Shi ya sa da yawa ke zuwa tasha tun da dare, su shimfiɗa tabarma a gefen mata, su kwana kusa da kayansu.