Bayan Haɗari: Kafin Yaranki Su Sake Hawa Babur Ɗin Nan

Wata ranar Lahadi da yamma ina shirin tafiya aikin dare, sai ga maigidana ya shigo yana ɗingishi, wandonsa a yage ta gwiwa. Daga kasuwar Mai'adua yake dawowa, akuya ta gitta masa, garin kauce mata tayar gaba ta faɗa rami, shi da babur suka zube a gefen titi. Allah ya taƙaita abin, kujewa ce kawai a gwiwa da tafin hannu. Na wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, na rufe shi, na tambaye shi ko kansa ya bugu, washegari kuma na sa aka yi masa allurar tetanus. Ta fannin aikina dai na sauke nauyi.

Babur ɗin kuwa tun a wurin ya yi masa nasa maganin. Ya ɗaga shi, ya matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinsa, ya murɗa kan har ya ga ya miƙe, ya buga, ya tashi. Da gari ya waye ya sayi sabon madubi da gilashin fitila. A wurinsa magana ta ƙare ke nan.

Sai ranar Alhamis da ya ɗauke ni zai kai ni wurin aiki na ji abin da ya sa gabana ya faɗi. Muna kan miƙaƙƙen titi amma babur yana rinjaya hagu, shi kuma yana ta tare shi da hannu. Duk sa'adda ya matsa birkin gaba sai in ji wani "ƙwas" daga wajen wuyan babur. A safiyar nan, da wannan babur ɗin ya kai yaranmu uku makaranta, ƙaramarsu a zaune a kan tanki.

Ciwon da ba ya jini

A ɗakin taimakon gaggawa, mai ihu jini na zuba kowa ya ga ciwonsa, nan da nan ake rufuwa a kansa. Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne wanda ya shigo da ƙafarsa yana cewa lafiyarsa lau, alhali jini na tsiyaya a cikin cikinsa ko a cikin kansa. Ashe babur ma haka yake. Injin yana tsakiya, sau da yawa ba abin da ke samunsa, shi ya sa yake tashi da bugu ɗaya. Gaban ne ke shan dukan, kuma gaban ne ke riƙe da juyawa da mafi yawan ƙarfin tsayawa.

Mu a nan masarautar Daura, daga cikin gari har Sandamu, Zango, Baure da Mai'adua, babur shi ne motar makaranta, shi ne motar kasuwa, shi ne ke kawo mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, har masu mota da yawa sun jingine ta sun koma kan babur. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasa ransu duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Wato shekarun 'ya'yanmu da ƙannenmu. Don haka, 'yar uwa, gyaran babur ba maganar maza kaɗai ba ce.

Abin da na gani a wurin bakanike

Ranar Asabar na lallaɓa maigida muka tafi wurin wani dattijon bakanike da mahaifina ya daɗe yana kai wa gyara. Bai ko kunna babur ɗin ba. Ya kafe shi, ya sa yaronsa ya danne baya har tayar gaba ta bar ƙasa, ya fara kwancewa yana yi mini bayani.

Ƙarafan nan biyu masu sheƙi da suka sauko daga wuyan babur zuwa tayar gaba, su ne shokozoba, kanikawa na cewa shok. A cikin kowanne akwai sifirin da mai, ƙarfen sama yana shiga cikin na ƙasa yana fita, da haka yake shanye gargadar hanya. A wuyan babur, inda kan yake juyawa, akwai boris, 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke gudu a kan mazauninsu. Sai ƙarfen da ya ratsa tsakiyar taya, sai wili, sai birki da wayarsa.

Ya zare ƙarfen shok na hagu, ya goge shi, ya mirgina shi a kan wani faffaɗan gilashi. Maimakon ya gangara sumul, sai ya riƙa ɗagawa yana sauka.

"Sista, kin ga hasken nan da ke ratsawa ta ƙarƙashinsa? Ƙashi ne ya lanƙwashe."

"To Baba, ba a miƙarwa?"

"In lanƙwasar kaɗan ce, akwai masu injin matsawa da ke miƙar da shi ba tare da wuta ba. Amma kawo yatsanki nan." Na shafa, na ji wani ɗan tudu kamar gwiwa. "Inda ƙarfe ya yi gwiwa, ƙarfinsa ya tafi. Ko ya miƙe a ido, nan zai sake karyewa, kuma ba ya sallama."

Da ya buɗe wuyan, mazaunin boris ɗin ya yi 'yan ramuka inda ƙwallayen suka nutse saboda ƙarfin bugun, ga shi kuma ya yi sako-sako. Shi ne ƙarar da nake ji. Murɗa kan da maigida ya yi a bakin titi ya daidaita abin da ya goce ne kawai, bai taɓa lanƙwasar ba.

Gwaji biyar da za ki iya yi a ƙofar gida

Ba sai kin riƙe sifana ba. Ido da kunne kawai ake bukata, da mutum ɗaya da zai riƙe miki babur.

Na ɗaya, sawun taya. Share yashin ƙofar gida ya yi laushi. A tura babur a tsaye cak, a miƙe, kamar taku goma. Tayar baya ya kamata ta bi sawun ta gaba. Idan kika ga layi biyu gefe da gefe, wani abu ya goce, ko a shok, ko a jikin babur, ko a zaman tayar baya.

Na biyu, juyawar kai. A kafe babur da babbar ƙafarsa ta tsakiya, wani ya danne baya tayar gaba ta ɗaga. Juya kan a hankali daga dama zuwa hagu. Ya kamata ya tafi sumul. Idan yana sarƙewa a tsakiya kamar ya faɗa rami, boris ya lalace. Sannan ki kama ƙasan shok biyun ki ja gaba ki tura baya. Idan kika ji motsi ko ƙara, wuyan ya yi sako-sako.

Na uku, wili. Tayar na sama, ki juya ta, ki riƙe tsinken tsintsiya daf da bakin wili. Idan yana taɓa tsinken yana nisanta, wili ya karkace. Ki duba jikin tayar ma, ko ta yi ƙullutu ko tsagewa a gefe. Taya mai ƙullutu zarenta na ciki ya tsinke, tana iya fashewa ana cikin gudu.

Na huɗu, shok. A sauke babur, a matse birkin gaba, a danna kan ƙasa a saki. Ya kamata ya nutse ya dawo ba gardama. Shafa ƙarfen mai sheƙi da farin ƙyalle. Idan ya fito da mai, robar da ke tare man ta fashe. Man nan kan gangara har ya isa birki, birkin da ya sha mai kuwa ba ya kamawa.

Na biyar, birki da wuya. Hannun birki ya kama tun kafin ya taɓa mariƙi, ya kuma koma da kansa in an saki. Wayarsa kada ta kasance da zare ko ɗaya a tsinke. Daga nan ki haska fitilar waya a wuyan babur, wurin da aka yi walda. Fentin da ya tsage ko ya ɓare a nan alama ce ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya motsa. Haka nan idan tayar gaba ta matso kusa da injin fiye da da.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan kika gani, yara su haƙura da babur ɗin har sai bakanike ya buɗe shi. Idan ma ba ki ga komai ba amma bugun mai ƙarfi ne, a kai a duba, don akwai abin da sai an kwance ake gani.

Me ake gyarawa, me ake canzawa?

Wili mai wayoyi, idan karkacewar ba ta yi yawa ba, gwani na iya ɗaure wayoyin ya daidaita shi. Wilin da aka zuba a dunƙule, marar wayoyi, idan ya tsage sai canji, walda ba ta mayar masa da ƙarfinsa. Boris da mazauninsa tare ake canza su, kuma suna cikin kayan da ba su da tsada. Ƙarfen tsakiyar taya idan ya lanƙwashe a sa sabo. Idan an taɓa shok ɗaya a buɗe ɗan'uwansa, a zuba musu mai iri ɗaya kuma daidai wa daida, in ba haka ba babur zai ci gaba da rinjaya.

Abin da Baba ya fi jan kunnenmu a kai shi ne wuta. Wasu kan gasa ƙarfen shok ya yi ja, su buga shi da guduma ya miƙe. Aikin na da sauri da araha, amma zafin yana rage wa ƙarfen ƙarfi, yana kuma ɓare sheƙin jikinsa, sheƙin da ya ɓare kuwa shi ke yanka robar mai. Mu da ke ganin ƙafar da aka ɗaure a karkace, daga baya sai an tura mai ita Asibitin Ƙashi na Dala a Kano an sake gyarawa, mun san ƙarshen gyaran gaggawa.

Na san halin da aljihu ke ciki. Idan kuɗin ba zai isa duka ba, a bi abin daki-daki: birki, taya, boris, shok, fitila. Roba da fenti da sitika su jira. Mu mun saba yin akasin haka, mu fara da abin da maƙwabta za su gani. A kuma roƙi bakanike ya ajiye tsofaffin kayan da ya cire a gani, a tambaye shi ko sabo ya sa, ko na hannu, don jabu ya yi yawa a kasuwa. Ni kuɗin adashina na watan na bayar aka cika, yara suka yi kwana shida suna bin Keke Napep da 'ya'yan maƙwabta.

Yadda za ki ɗauko maganar

Namiji ba ya son a nuna masa bai san abin hawansa ba, musamman bayan ya faɗi a gaban jama'a. Ni ban ce masa babur ɗinsa ya lalace ba. Na bari ya ci abinci ya huta, sannan na ce, "Abban yara, yau da muna tafiya na ji tsoro. Don Allah mu je Baba ya duba mana gaban nan, ko hankalina ya kwanta." Da ya ga hasken nan a ƙarƙashin ƙarfe da idonsa, shi da kansa ya ce a canza. Idan ɗanki ne ko ƙaninki mai acaba, ki tuna kowace ranar da babur ya kwana a gareji asarar abincinsa ce, don haka taimako da ɗan abin cefane ya fi faɗa tasiri.

Kada a manta da wanda ya faɗi

Yayin da ake ta babur, ki sa ido a kan mutumin na kwana biyu. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake tashinsa da ƙyar, rikicewar magana, jijjiga, ruwa ko jini daga kunne ko hanci, ciwon ciki ko jiri, duk wanda kika gani a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Kada a zuba baƙin mai ko man birki ko ƙasa a kan ciwo. Ruwa mai tsabta da sabulu sun wadatar kafin a isa wurin ma'aikatan lafiya.

Hular kwanon da ta sha bugu mai ƙarfi ta gama aikinta ko da ba ta fashe ba, domin abin da ke cikinta sau ɗaya yake shanye bugu. Tun watan Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce sanya ta daidai na rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da zai iya kai kashi 74 cikin 100. Yaron da ke kan tanki kuwa, shi ne farkon wanda ke tashi sama idan gaba ya daki wani abu, yana kuma hana kan juyawa sosai. Tun daga ranar nan muka raba tafiyar makaranta sawu biyu.

Kowace shekara idan hawan Sallah ko Sallar Gani ya zo, garin nan kan cika da baƙi da babura, mu kuma a asibiti mun san ranakun ba na hutu ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan babur ɗin gidanku ya taɓa faɗuwa aka ɗaga shi aka ci gaba, gobe da safe kafin yara su sa takalmi ki share yashin ƙofar gida, a tura shi ki ga sawu nawa zai bari. Abin da kika gani ki faɗa mana a ƙasa, wata uwar za ta ƙaru da shi. Allah ya tsare mana iyalanmu a hanya.