Albashi Mai Tsoka Ko Zama Kusa Da Iyali: Yaya Ake Aunawa?

 

A makon jiya wani tsohon ɗalibina ya tsare ni bayan sallar Isha'i. Yana da mata da yara uku, yana aiki a nan Damagaram, ana biyansa jika 70 a wata. Sai ga tayin wani aikin a Arlit, jika 150, amma ba zai riƙa ganin gida ba sai sau biyu a shekara. Ya ce, "Malam, wanne zan kama?" Tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Ita ce ta masu tafiya biɗa Libiya da Aljeriya da Abijan, da direbobin manyan motoci, da samarinmu da suka nufi Jado tun da zinariya ta bayyana can a 2014.

Mu fara da abin da ba sulhu a cikinsa: ciyarwa wajibi ce a kan miji. Ci da sha, tufafi, wurin kwana. A mazhabarmu ta Malikiyya, matar da mijinta ya kasa ciyar da ita tana iya kai ƙara wurin alƙali, a ba shi wa'adi, in ya gaza a raba auren. Saboda haka in aikin kusa ba ya riƙe gida, fita nema ba kwaɗayi ba ne. Kada mutum ya fake da son zama da iyali alhali tukunya ba ta hau wuta.

To amma haƙƙin iyali bai ƙare a kuɗin cefane ba. Bukhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya tarar da matar Abud Darda'i a hargitse, don mijinta ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare. Salmanu ya tunatar da shi cewa iyalinsa ma suna da haƙƙi a kansa, kuma Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu. Jama'a, in ibadar nafila ba ta zama uzurin yin watsi da iyali ba, ina ga ƙarin albashi? Haka Sayyidina Umar, da ya ji koken wata mata da mijinta ya daɗe a fagen yaƙi, sai ya tambayi ƴarsa Hafsa iyakar haƙurin mace, sannan ya yanka wa mayaƙa wa'adin komawa gida. Wasu ruwayoyin sun ce wata 4, wasu wata 6. Jihadi ke nan fa, aka sa masa iyaka.

Ga tambayoyi huɗu da na ce ɗalibin nan ya amsa wa kansa.

Ta farko, nawa ne zai rage da gaske? Mai aiki nesa tukunya biyu yake ɗorawa. Ga hayar ɗaki, ga abincin saye, ga kuɗin mota, ga katin waya, ga ladan aika kuɗi. In waɗannan suka cinye jika 50, to ratar da ke tsakanin ayyukan biyu ba jika 80 ba ce, 30 ce. Sai ka tambayi kanka ko jika 30 ta kai farashin wata 11 ba ka gida.

Ta biyu, wa zai tsaya a gurbinka? Mu da muke karantarwa muna gani. Yaron da ba mai tambayarsa inda ya tsaya a allo, ko me aka yi yau a lekol, ba a daɗewa sai ka ji ya fara fashi. Kuɗi suna biyan malami, amma ba sa tayar da yaro sallar Asuba. In akwai kaka ko baffa tsayayye a gida, nauyin ya ragu. In babu, a sa wannan a ma'auni.

Ta uku, ka shawarci maiɗakinka? Ita ce za ta kwana da yaro mai zazzaɓi, ita za ta ɗauki kaɗaicin. Haƙƙinta ne ake shirin taɓawa, ba daidai ba ne ta ji labari ranar da kake ɗaure kaya.

Ta huɗu, tafiyar tana da ranar ƙarewa? Wanda ya ce shekara 2 zan yi in biya bashi in sami jari, daban yake da wanda ya tafi ba wa'adi. Da yawa sun tafi da niyyar rani ɗaya, suka dawo ƴaƴansu na yi musu kallon baƙo.

Kada kuma na gida ya ce ya tsira. Wanda yake fita kafin yara su tashi, ya dawo sun yi barci, ko ya wuce fada hira har tsakar dare, shi ma matafiyi ne, ko da gadonsa na cikin gari.

Ban zaɓar wa ɗalibina ba. Na ce ya zauna da takarda da alƙalami, ya zauna da matarsa, ya yi istihara. In wajibi ne ya kore shi, ya tafi da wa'adi, Allah Ya tsare. In kuwa abin da yake samu yana isa, ya sani kuɗin da ya wuce ana iya samo shi baɗi, amma ƙuruciyar ɗa sau ɗaya take zuwa.

Allah Ya azurta mu da halal mai albarka, Ya shirya mana zuriya. Wallahu a'alam.