Gawayi da Wuƙa: Zanen Fuska da Bugun Katako a Gadarif

Duk wanda ya shiga Gadarif ta ƙasar Sudan da kaka, sa'ad da motoci ke sauke buhunan riɗi da dawa daga manyan gonakin da aka soma nomawa da injuna tun wajen 1945, lalle zai lura cewa garin matattarar fuskoki ne: ga Larabawan Shukuriyya, ga Habashawa masu zuwa yankan riɗi, ga kuma 'yan'uwanmu Hausawa da Fulani, jikokin alhazan da suka tako da ƙafa da niyyar Makka, da na muhajiran da suka yiwo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Mai son koyon zanen fuska ba zai sami makarantar da ta fi wannan kasuwa ba, muddin ya nemi izini, domin zana mutum ba da yardarsa ba rashin ladabi ne. Game da hukunci, malamai sun yi saɓani a kan taswirar mai rai, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta ga abin da ba shi da jiki mai inuwa. Sai kowa ya tambayi malaminsa.

Abu na farko da almajirin wannan fanni zai gano, kuma ba zai ji daɗinsa ba, shi ne cewa bai taɓa kallon mutum da gaske ba. In ka zaunar da kawunka a inuwar zaure, haske na zuwa masa ta gefe guda, ka ɗauki gawayi, hannunka zai yi gaggawar ɗora idanu can sama kusa da hula, alhali kuwa a tsakiyar kai suke, tsakanin ƙoluwa da haɓa, kunne kuma yana farawa daidai gira ya ƙare daidai gindin hanci. Saboda haka masana suka shar'anta awo: a miƙe hannu sosai, a rufe ido ɗaya, a auna tsawon hanci da bakin fensir da babban yatsa, sa'an nan a gwada sauran gaɓoɓi da shi. A fara da ƙirar kai gaba ɗaya da wurin da inuwa ta kwanta, a bar gashin ido da tsagar gado sai ƙarshe. (Abin sha'awa ne yadda Bahaushe ya kira aikin wanzami a kunci da aikin alƙalami a takarda da suna guda, wato zane.) Bayan kamar minti 20 tsoho zai ce, "Ɗana, wuyana fa ya ƙage," sai a sallame shi ya miƙe ƙafa. Wannan motsi da gajiya su ne fifikon zane daga rayayyen mutum a kan kwaikwayon hoto, domin hoto ya riga ya yanke maka hukuncin abin da za ka gani.

Bugun katako kuwa wata tarbiyya ce dabam, kuma ba baƙo ba ne gare mu, tunda mai sassaƙa hatimi a bakin kasuwa, wanda ke yanka haruffa a juye bisa guntun roba, shi ma aikin ke nan yake yi. Ƙa'idarsa ita ce a zana sura a kan katako mai laushi ko roba, a ƙwaƙule duk inda ake so ya fito fari, a bar tudu inda ake son baƙi, a shafa tawada a kan tudun, a ɗora takarda, a murza bayanta da bayan cokali har ta kama. Dama takan koma hagu, don haka wanda ya manta ya sa tabon kunci a inda yake a zahiri zai tarar ya ƙaura. Tawadar allo ta baƙin tukunya da ƙaro, duk da darajarta, ta cika ruwa, takan malale cikin ramuka. Ta maɗaba'a mai kauri ake bukata, a shafa ta siriri. Gawayi ana goge shi da yatsa, amma abin da wuƙa ta cire ya tafi, shi ya sa nake ganin bai kamata a ba yaro wuƙa ba sai ya cika littafi guda da fuskoki, ya san wane layi ne ke ɗauke da kamannin mutum, wane ne kuma ƙawa kawai.

Sana'ar bugun katako tana da asali mai nisa. A ƙasar Sin an buga littafi da katako a shekarar 868, wanda har yau yana nan a Landan, kuma Musulmin Masar sun buga layu da wannan dabara tun zamanin Faɗimiyya. Ta fannin zane kuwa, a Sudan, Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin allo, ya koyi zanen mutum a makarantar Slade ta Landan daga 1954 zuwa 1957, amma da ya komo gida ya ga jama'a ba su kula da abin da ya kawo ba, sai ya waiwayi harafin Larabci da adon allo da na ƙwarya, ya fitar da fuskoki daga cikinsu. A Zariya ma Bruce Onobrakpeya da abokansa sun bi irin wannan tafarki daga 1958.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Gadarif ta karɓi dubban masu gudun hijira daga Khartum da Wad Madani, da yawansu sun baro hotunan iyayensu a bangon ɗaki. Takarda ta yi tsada, amma bayan kwali yana karɓar gawayi, tafin tsohon silifa yana yankuwa da reza, kuma allo guda da aka sassaƙa fuskar kaka a kansa yana iya fitar da bugu talatin, kowane jika ya tafi da nasa.