Ɗaure Taguwa, Sa'an Nan Ka Dogara

 Akwai maganar da muke yawan ji a bakin 'yan'uwa idan an yi musu sata ko an damfare su, watau "haka Allah Ya so". Gaskiya ne, babu mai musun ƙaddara. Amma sau da yawa idan aka bi diddigi, sai a tarar mai kanti ya tafi salla ya bar aljihun teburinsa a buɗe, ko ma'aikaci ya karanta wa wanda bai sani ba lambobin sirrin katinsa ta waya. Sunan wannan sakaci, kuma shari'a tana da hukunci a kansa.

Tirmizi ya ruwaito cewa wani mutum ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ko ya ɗaure taguwarsa ya dogara ga Allah, ko kuwa ya sake ta ya dogara. Aka umurce shi da ya haɗa biyun. Dubi kuma yadda aka yi Hijira a shekara ta 622. Madina tana arewa, amma aka nufi kudu zuwa Kogon Sauru, aka ɓuya kwana uku. Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo labarin abin da Ƙuraishawa ke ƙullawa, Amiru ɗan Fuhaira yana kora tumaki suna shafe sawu, aka kuma ɗauki ja-gora masanin hanya. Sayyidina Ali aka bar shi a Makka don ya mayar wa mutane da ajiyarsu. To, wa ya kai Annabi dogara ga Ubangijinsa?

Malaman fikihu ba su bar wannan a kan wa'azi kawai ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, haddin sata ba ya tsayawa sai abin da aka sata ya kai rubu'in dinari ko dirhami uku, kuma an fitar da shi daga hirzi. Hirzi kuwa shi ne wurin da in mutum ya ajiye irin wannan kaya a ciki, mutane ba za su ce ya tozarta shi ba. Wanda ya ɗauki abin da aka yasar a sarari ya yi haramun, alƙali kuma zai hore shi gwargwadon ganinsa, amma ba za a kai ga haddi ba. Ashe shari'a ta ɗora wa mai kaya nasa nauyi tun kafin ta juya kan ɓarawo.

Abin ya fi tsanani ga mai riƙe da kayan wani. Asalin hukunci shi ne, wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta, sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. A cikin Muhtasar, Shehu Halilu ya lissafa abubuwan da ke jawo biya, daga cikinsu akwai mantawa da ajiyar a wurin da aka karɓe ta, da tafiya da ita alhali akwai amintaccen da za a bar wa, da miƙa ta ga wani ba da uzuri ba. Dillali da yaron kanti da ma'ajin ofis da mai riƙe kuɗin adashi, kowa ya auna kansa da wannan. Akawun da ya bar makullin ma'ajiyar ofis a kan tebur ya fita cin abinci ba shi da bakin fakewa da ƙaddara.

Hirzin kuɗi a yau ya koma cikin waya da katin banki. Lambar sirri ta kati, da lambar da banki ke turowa don tabbatar da ciniki, su ne kwaɗo da makulli. Banki ba ya kiran mutum ya nemi waɗannan, saboda haka duk wanda ya kira ya ce za a rufe asusunka in ba ka faɗa masa ba, kashe wayar, ka taka da ƙafarka zuwa reshen. Kada a rubuta lambar a jikin kati, kada a zaɓi shekarar haihuwa. A sa wa waya da layinta lambar kulle, a kuma koyi yadda ake toshe asusu nan take tun kafin ranar buƙata. Ɗan kasuwa kada ya saki kaya don an nuna masa saƙon shigar kuɗi, domin akan ƙirƙiri na jabu. Ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin da idonsa. Bashi kuwa a rubuta shi a kafa shaidu, ko da tsakanin wa da ƙane ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, a kan wannan ta sauka.

Wajen zirga-zirga, kada a ƙirga kuɗi a bainar jama'a, kada a riƙa kai cinikin rana banki ta hanya ɗaya a lokaci ɗaya kullum. Wanda zai tafi saro kaya, iyalinsa da amintaccensa sun isa su san ranar tashinsa da masaukinsa. A shiga mota a tasha, inda aka san direba, ko da ta bakin hanya ta fi araha. Buhari ya ruwaito gargaɗi a kan tafiyar dare ga mutum shi kaɗai, shi da Muslim kuma sun ruwaito umurnin rufe ƙofofi da ambaton sunan Allah, da kashe fitilu, da hana yara fita idan almuru ta yi. Ku lura, an gama addu'a da kulle ƙofa a umurni guda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maƙwabci ma katanga ne. Unguwar da mutanenta suka san juna, suke sanar da mai unguwa idan baƙo ya kama haya, suke tambayar asalin mai gadi da direba kafin ɗauka, ɓarawo ba ya jin daɗinta. Kada kuma mu sayi kayan da muke zargin na sata ne don arha. Mai ƙwacen waya da bai sami mai saye ba da tuni ya daina.

Idan duk an yi wannan, ƙaddara ta haɗa mutum da mai makami, ya tuna malamai sun gabatar da tsare rai a kan tsare dukiya. Kare dukiya halas ne, amma waya ba ta kai a sayar da rai dominta ba. In da rai da rabo. A miƙa, a tsira, a kai rahoto ga 'yan sanda ko a kira lambar gaggawa ta 112. Wanda aka kama kuwa a danƙa shi ga hukuma, domin shari'a ba ta ba taron kasuwa ikon zartar da hukunci ba, kuma ihun "ɓarawo" ya sha cin ran wanda bai ji ba bai gani ba.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu da amanonin da ke wuyanmu, amin.