Jumma'ar Da Aka Tashi 'Yan Makaranta Da Hantsi A Ikko

Idan mutum ya zauna a majalisar dattawa a Zangon Agege ko Idi-Araba ya tayar da zancen ranar 13 ga watan Fabrairu, 1976, zai ga kowa ya gyara zama. Yawancin waɗannan masu furfura yara ne a lokacin, amma babu wanda ya manta inda yake da abin da ke hannunsa sa'ad da labari ya zo cewa an harbe Shugaban Ƙasa, Janar Murtala Ramat Muhammed.

Da safiyar wannan Jumma'a ce Janar ya fito daga gidansa a Ikoyi zai tafi ofis a Barikin Dodan, cikin baƙar Marsandi, ba jiniya, ba jerin motocin rakiya. Mota ta shiga cunkoso kusa da Sakatariyar Tarayya, sai wasu sojoji suka buɗe mata wuta. Nan ya cika yana da shekara 37, tare da dogarinsa Laftana Akintunde Akinsehinwa da direbansa. Jagoran masu yunƙurin juyin mulkin, Laftana-Kanar Buka Suka Dimka, ya shiga gidan rediyo ya ce an hamɓare gwamnati. A Jihar Kwara kuma aka kashe gwamna, Kanar Ibrahim Taiwo.

Wani mai sayar da goro a Agege, wanda yake aji uku a firamare a shekarar, ya ce shi ba sanarwar yake tunawa ba, hedimasta yake tunawa, mutumin da ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, ya fito da gudu yana kaɗa ƙararrawa tun ba a yi tara ba. Su yara har murna suka yi, a zatonsu hutu ne ya samu. Sai da ya isa gida ya tarar mahaifinsa ya kulle shago ranar ciniki, ya kafa kunne a rediyo, ba komai a ciki sai baduju, sannan ya gane ba lafiya ba.

Wata dattijuwa a Idi-Araba kuwa ƙullin kaya take tunawa. Ta ce kafin azahar mahaifiyarta ta ɗaure tufafinsu a zane, ta soke kuɗin jirgin ƙasa a lalitarta, tana jira kawai maigida ya ce a nufi tashar Iddo. Yarinya ba ta san dalili ba, amma manya sun sani. Shekara 10 ke nan kacal da kashe Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1966, kowa kuwa ya ga abin da ya biyo baya, har yaƙin basasa. Baƙo a garin mutane shi ke fara lissafin hanyar gida in ƙasa ta motsa.

To, amma ba a kai ga haka ba. Kafin rana ta faɗi sojoji masu biyayya sun ƙwace gidan rediyon, Dimka ya tsere. Matar ta ce da yamma maƙwabciyarsu, Bayarabiya mai sayar da burodi, ta shigo tana kuka, ta zauna a kan tabarma ɗaya da mahaifiyarta, ita ce ma ta kwance ƙullin da hannunta. Aka kai gawar Janar Kano aka yi masa sutura. Janar Olusegun Obasanjo ya karɓi mulki, Shehu Musa 'Yar'aduwa ya zama na biyunsa. An kamo Dimka a watan Maris, aka harbe shi ranar 15 ga watan Mayu, 1976.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa mutumin da mulkinsa bai wuce kwana 200 ba ya zauna a zukata haka? A cikin wannan ɗan lokaci ya mayar da jihohi 19 daga 12, ya yanke shawarar a mayar da babban birni Abuja, ya sa 1979 ta zama shekarar miƙa mulki ga farar hula. Ya kuma sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000, kuma har yau akwai gidajen da ke ganin an kori iyayensu ba tare da an saurare su ba. Wannan ma yana cikin abin da yaran wancan zamani suka tashi da shi.

Yau motar tana ajiye a gidan tarihi na Onikan, ramukan harsashi na nan a jikinta. Filin jirgin sama na Ikeja yana ɗauke da sunansa, hotonsa kuma na kan takardar Naira 20, wadda aka fito da ita a 1977 tana mafi girma a kuɗin ƙasa, yanzu kuwa ko goro ɗaya ba ta saya. Mai goron nan ya ce jikokinsa da aka haifa a Ikko sun san hoton, amma ba su san mai shi ba, don haka ya ƙudura ranar wata Asabar zai ɗebe su su shiga mota zuwa Onikan, su ga Marsandin da idonsu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.